Teburin Mai Gyaran Rediyo a Wudil ta Da

Wanda ya san kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, shanu zai fara tunawa, da ƙurar kara, da manyan motocin da ke lodi zuwa Kudu. Amma a shekarun 1980 da 1990 akwai wani kayan da mutanen Utai da Indabo da Lajawa da Achika suke shigowa da shi gari ranar kasuwa, wanda ba na sayarwa ba ne. Za ka ga dattijo ya ɗaure wani abu a bayan keke, an naɗe shi da tsohon zani an tamke da roba. Rediyonsa ce ko rikodarsa ta daina magana, ya kawo wa mai gyara. Zai ajiye ta da hantsi, ya shiga kasuwa, ya yi sallar Juma'a, sannan ya dawo da la'asar yana fatan ya koma gida da ita kafin a fara labaran dare.

Mai gyaran ba shi da wani shago na a zo a gani. Rumfa ce ko ɗan ɗaki a bakin titin Kano zuwa Maiduguri, da tebur na katako, da benci, da tarin matattun rediyoyi har kusa da rufi, da gwangwanayen madara cike da noti da ƙananan kayan gyara. Da yawansu ba su yi karatun boko mai zurfi ba. Wasu sun ɗan taɓa makarantar koyon sana'a, mafi yawa kuwa a hannun maigida suka koya a Kano, musamman wajen Sabon Gari. Abin da nake son in tuna game da su shi ne tsarin da suke bi kafin su taɓa na'ura, domin wannan tsarin shi ya raba gwani da ɗan gwada sa'a, shi ne kuma ya kare rayukansu da dukiyar mutane.

Rediyo ba ta zama kayan talaka ba sai da taransista ta zo. An ƙirƙiro ta a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1947, rediyon aljihu ta farko mai amfani da ita ta fito kasuwa a 1954, sannan kamfanonin Japan suka karɓe harkar suka cika duniya. Rediyon da ta gabace ta mai kwalabe ce a ciki, tana da nauyi, tana zafi, tana cin wuta. Ita kuwa mai taransista batir uku ko huɗu sun ishe ta, don haka ta isa rugar Fulani da gonar rani a bakin kogi tun kafin a kafa turken lantarki. Da ita aka ji Rediyon Kaduna, wadda ta fara a 1962, a kan mita 49. Da ita aka ji Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da na Jamus, da Muryar Amurka da ta fara Hausa a 1979. Da ita mutanen Wudil suka ji an kashe Janar Murtala a 13 ga Fabrairu 1976. Kaset kuma, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya kawo rikoda, aka koma jin Shata da Ɗanƙwairo da Haruna Uji a lokacin da mutum ya ga dama, aka kuma riƙa maimaita tafsirin azumi har bayan salla.

Manyan na'urorin sauti na ɗaki, masu amfilifaya daban, abin sa kaset daban, da sifiku biyu a gefe, sun yawaita ne bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma suka sayi Kenwood da Pioneer da Sansui da Akai, alhazai suka riƙo National da Sharp da JVC daga Makka. Masallatai da makarantun Islamiyya da masu majalisin biki kuma suka rungumi amfilifayar Ahuja ta Indiya da ta TOA ta Japan, masu aiki da batirin mota. Duk waɗannan, in sun yi ciwo, teburi ɗaya suke zuwa.

Ciwon nasu kuwa na ƙasarmu ne. Wanda ya ƙera su a Osaka bai yi lissafin ƙurar hunturu ba, wadda take shiga maɓallin ƙara murya ta sa shi ƙarar karce-karce. Bai yi lissafin zafin bazara a ɗakin kwano ba, wanda yake busar da kafasita. Masana sun ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarta. Wudil kuma tana bakin kogi, damina na zuwa da danshi, ƙura ta jiƙe a kan allon na'ura ta zama hanyar da wuta za ta bi inda bai kamata ba. Kyankyasai suna son ɗumin taransifoma, ɓera na cin waya, zanzaro na gina ɗakinsa a cikin sifika. Batirin da aka manta a ciki yakan tsiyaye ya cinye ƙarfen da yake zaune a kai. Sai kuma wuta, wadda ake ɗaukewa a kawo, wani lokaci ta zo ƙasa-ƙasa, wani lokaci ta zo da ƙarfin da zai kashe duk abin da aka bari a jone.

Saboda haka gwanin mai gyara ba ya fara ɗaukar sukundireba. Tambaya yake farawa da ita.

"Baba, yaya aka yi ta tsaya? Tana cikin magana ne, ko da aka kunna ne ta ƙi?"

"Wallahi yaro, jiya da daddare muna jin labarai sai ta yi wani ƙara, shi ke nan."

"Kun ji ƙauri? An ga hayaƙi? Wani ya buɗe ta kafin a kawo?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai wuyar amsa, don sau da yawa akwai wani ɗa ko ƙane a gida da ya riga ya sa hannu. Mai gyara ba ya kunyata dattijo a kan haka. Notin da ya ɓace ko wanda aka ɗaura a karkace ya riga ya faɗa masa. Bayan tambaya sai hanci. Ƙaurin taransifomar da ta ƙone daban yake da na rizisto, kafasitar da ta fashe kuma tana da nata warin. Bayan hanci sai ido: inda allo ya yi baƙi, inda kafasita ta kumbura, inda dalma ta tsage a gindin wata ƙafa. Duk wannan ana yin sa ne filogi yana kan tebur inda ido ke ganinsa. Kashe maɓalli kawai bai wadatar ba, domin wuta tana nan a wayar da ta shigo har zuwa bakin maɓallin.

Ko an zare filogi ma ba a tsira ba, kuma wannan shi ne darasin farko da ake cusa wa yaron shago. A cikin kowace babbar amfilifaya akwai manyan kafasita biyu masu kama da gwangwani, aikinsu tara wuta su daidaita ta. Suna iya riƙe volt 40 ko 50 kowacce, wani lokaci fiye, na tsawon lokaci bayan an kashe na'ura, kamar murhun da aka gama girki, toka a sama, garwashi a ƙasa. Wasu sukan ɗora bakin sukundireba a kan ƙafafunta biyu don ta zubar da wutar, sai ka ji tas, ka ga tartsatsi. Ban taɓa ganin wannan a matsayin ƙwarewa ba. Yana cin bakin ƙarfen, yana raunana kafasitar, yana iya watsa narkakkiyar dalma a ido. Masu natsuwa suna da wata waya da suka ɗaura wa babban rizisto ko ƙwan fitila, su taɓa ƙafafun da ita har wutar ta tsiyaye a hankali, sannan su sa mita su tabbatar ta koma sifili. Sai a lokacin ne yatsa yake shiga.

In kuma aiki ya kai ga dole a auna na'ura tana kunne, akwai ƙa'idojin da ba a rubuta a bango ba amma kowa ya san su. A cire zobe da agogon ƙarfe. A sa silifas na roba, kada a taka ƙasa mai danshi da ƙafa tsirara, kada a taɓa aiki da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala sai an goge shi sosai. Hannu ɗaya ke shiga ciki, ɗayan yana baya ko cikin aljihu, don in wuta ta ja mutum kada ta ratsa ƙirjinsa daga hannu zuwa hannu. Wutar gida ta volt 220 zuwa 240 ba ta buƙatar yawa kafin ta birkita bugun zuciya. Na ji wani maigidan shago yana yi wa yaronsa faɗa a kan wannan, da muryar da ba ta wasa ba: "Kai, fitar da hannun nan! Rediyon Alhaji in ta ƙone zan biya. Kai in ka tafi me zan ce wa babarka?"

Abin da ya fi burge ni a teburin nan ƙwan fitila ne. Wani katako ne ɗan ƙarami, an kafa masa soket da mazaunin ƙwai, an haɗa su a jere, ta yadda duk wutar da za ta shiga na'ura sai ta ratsa ta cikin ƙwan tukuna. Ƙwai ne irin na da mai zare a ciki, mai wat 60 ko 100. Idan aka jona amfilifaya lafiyayya, ƙwan zai yi haske na ɗan lokaci yayin da manyan kafasita ke cika, sai ya dushe ya koma ja-ja ko ya mutu gaba ɗaya. Idan kuwa akwai inda waya ta haɗe ko taransista ta narke a ciki, ƙwan zai kama da haske sosai ya tsaya a haka. Hikimar ita ce zaren ƙwan yana ƙara tauri ga wuta idan ya yi zafi, don haka shi yake shanye ƙarfin, na'urar ba ta samun abin da zai ƙara ƙona ta. Mai gyara yana kallon ƙwai ya san ko ya ci gaba ko ya zare filogi, ba tare da ya yi asarar fis ko sabuwar taransista ba. Masu gyara a Turai da Amurka ma da wannan dabarar suke aiki har gobe. Kuɗin haɗa ta bai kai na kwanon abinci ba, amma duk teburin da ba ka ga wannan katako a kai ba, da ka ɗauki kayanka ka ƙara gaba.

Fis ma wani ma'auni ne na amana. Ɗan siririn zare ne a cikin kwalba, an yi shi don ya tsinke idan wuta ta wuce ƙima, a jikinsa an rubuta adadin da yake ɗauka. Idan ya tsinke, yana ba da labari ne cewa akwai matsala a gaba. Ragon mai gyara sai ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari, ko ya ɗaura silin wayar tagulla, na'ura ta kama, ya karɓi kuɗi. Mai kaya ya tafi yana godiya, bai san an cire masa mai gadi ba. Ranar da matsalar ta dawo, taransifoma ce za ta ƙone, ita ce kuma mafi tsada a cikin na'urar. Wani lokaci abin ya wuce taransifoma ya kama labule da katifa. A ganina wannan ha'inci ne, ko da wanda ya yi bai yi niyyar cuta ba.

Mafi yawan manyan na'urorin da ake kawowa, taransistocin ƙarshe ne suka mutu, waɗanda ke tura sauti zuwa sifika. Su ne ake ɗaurewa a jikin faffaɗan ƙarfen alminiyam mai haƙora don ya kwashe musu zafi. Wadda kowa ya sani ita ce 2N3055 mai kan ƙarfe. Daga baya aka saba da irin su 2SC5200 da abokiyarta 2SA1943 na kamfanin Toshiba. Gano matacciya ba wuya: a ɗora mita mai allura a ƙafafunta, lafiyayya tana barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya ta hana ta ɗaya, matacciya kuwa ko'ina a buɗe take ko ko'ina a toshe. Wuyar ita ce gano abin da ya kashe ta. Taransista ba ta cika mutuwa ita kaɗai ba. Takan tafi da ƙaramar da ke tura ta, da ɗan rizisto fari mai kusurwa huɗu da ke gindinta, wanda ƙimarsa ba ta kai om ɗaya ba. Wanda ya canza babbar kawai ya kunna, sabuwar za ta bi tsohuwa kafin ya sauke hannu.

Sau da yawa ma musabbabin ba a cikin akwatin yake ba. An rubuta a bayan amfilifaya cewa sifika mai om 8 take ɗauka, sai a wurin biki ko maulidi a ɗaura mata sifiku huɗu a kan waya ɗaya don sauti ya kai bayan gari. Kowace sifika da aka ƙara a haka tana rage taurin da na'urar ke gani, tana ƙara mata kaya. Ko kuma ladan ya juya kan batirin mota, ja a wurin baƙi, cikin duhun asuba. Ko an lulluɓe na'ura da kyakkyawan ƙyalle don ƙura, aka toshe ramukan da take shan iska. Gwani yakan ce, "Malam, a kawo min sifikun da wayar in gani," ko ya bi mai kaya har masallacin ya duba yadda aka ja wayoyin. Ya san in bai yi haka ba, Juma'a mai zuwa kayan zai dawo, sunansa ne kuma zai ɓaci.

Bayan an canza abin da ya mutu ma akwai sauran aiki. Tsakanin taransista da ƙarfen alminiyam akwai ɗan siririn falle mai hana wuta wucewa, da farin man da ake shafawa don zafi ya ratsa. In aka manta fallen, jikin na'ura duka ya ɗauki wuta, in aka manta man, taransista ta dafe. Sannan a kunna ta bayan ƙwan fitila, ba tare da sifika ba, a auna bakin inda sifika ke shiga. Ya kamata allura ta tsaya a sifili ko dab da shi. In ta nuna volt masu yawa, to da an jona sifika da zarenta ya ƙone nan take. Sai an wuce wannan ake ɗaura wata tsohuwar sifikar gwaji, a saurara da murya ƙasa, a riƙa taɓa ƙarfen da bayan yatsa ana jin yadda zafi ke hawa. Taransista in ta yi zafi tana ƙara jan wuta, jan wutar kuma yana ƙara mata zafi, don haka wadda ba a daidaita ba takan yi lafiya na minti goma sannan ta kashe kanta. Shi ya sa mai gyara na ƙwarai yake barin na'ura ta yi ta waƙa a teburinsa tsawon yamma kafin ya ce an gama, ko da mai ita yana tsaye yana duban rana.

Rikoda ba ta da wannan haɗarin sosai. Yawanci bel ne ya saki, ko robar da ke matse zare ta taurare tana cin kaset, ko kan da ke karanta sauti ya yi datti, a goge shi da auduga da sifirit.

Liƙi da dalma ake yi, gamin kuza da darma mai narkewa a wajen digiri 190. Idan babu wuta, sai a koma ga ƙarfen liƙi mai kan tagulla da ake turawa cikin garwashi ko a ɗora a kan risho. Aiki da shi sai gwani, domin ba a iya saita zafinsa: in ya yi yawa ya ɗaga siririn layin tagullar da ke kan allo, ko ya kashe taransistar tun ba a kunna ta ba, musamman tsofaffin nan na jamaniyam da ba sa jure zafi. Dabararsu ita ce su kama ƙafar da bakin filaya don zafin ya tsaya a nan. A nan ne kuma nake ganin tsarin nasu ya gaza. Ba su ɗauki darma a matsayin guba ba. Mutum zai riƙe zaren dalma da haƙori don hannayensa biyu na aiki, ya sunkuya yana shaƙar hayaƙin liƙi a ɗaki marar taga, ya tashi ya ɓare goro ko ya ci ƙosai bai wanke hannu ba. Ba wanda ya gaya musu. Sai da abin da gubar darma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ya fito fili, sannan mutane da yawa a Arewa suka fahimci abin da darma ke yi wa jini da ƙwaƙwalwa.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar na'ura ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara ma suka yi tsada. Wannan ne lokacin da sana'ar ta fi ciniki, shi ne kuma lokacin da ta fi wahala. Tarin matattun rediyoyin nan ya zama rumbu: a ciro kafasita daga wannan, bel daga waccan. Abin da babu sai a shiga mota a haye gada a tafi Sabon Gari, tafiyar kilomita arba'in da wani abu, a dawo da yamma. Jabun taransistoci suka shigo kasuwa, lamba daidai, jiki daidai, amma ƙwayar da ke ciki ƙarama ce, ba ta ɗaukar rabin abin da aka rubuta. Wasu masu gyara sukan fasa guda ɗaya su duba cikinta kafin su sayi sauran. Kamfanoni kuma suka koma dunƙule dukkan sashen ƙarshe a cikin baƙin bulo ɗaya, irin STK na Sanyo, wanda ba a buɗewa, sai dai a canza shi ɗungurungum. Kayan gwanjo na Kwatano suka zo da nasu tarkon: na'urar da aka yi wa Amurka volt 120 take sha, ta Japan 100, duk wanda ya soka ta a soket ɗinmu ba tare da ya duba bayanta ba ya gama da ita. Wani masani ɗan ƙasar waje, Brian Larkin, ya yi bincike a Kano ya fitar da littafi a 2008 mai suna Signal and Noise, inda ya nuna cewa lalacewa da gyara su ne yanayin da na'urori ke rayuwa a ciki a ƙasar nan. Masu rumfunan Wudil sun riga shi sanin haka da hannunsu.

Wayar salula ta shigo a 2001, shekarar da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ta fara aiki, wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Ɗangote. Cikin 'yan shekaru yaran shago suka watse zuwa gyaran waya, wasu suka nufi kasuwar Farm Centre a Kano. Rediyon China mai cin memori ta zo da arahar da ta sa kuɗin gyara ya kusa kai kuɗin sabuwa, cikinta kuma ɗan allo ne guda mai ƙwayoyin da ido ba ya rabewa. Ƙwan fitila mai zare shi ma ya yi wuyar samu, na zamani marasa cin wuta kuwa ba sa yin wannan aikin ko kaɗan.

Aikin bai ƙare ba duk da haka. Amfilifayar masallaci tana nan tana mutuwa ana tayar da ita, masu kiɗan biki da masu shelar magani a kasuwa suna nan da nasu, yanzu ma an ƙara da inbata da na'urorin sola, waɗanda kafasitocinsu ke riƙe wutar da ta ninka ta tsohuwar Kenwood sau da yawa. A gidaje da dama kuma akwai tsohuwar na'urar mahaifi a ƙarƙashin gado ko saman kabad, ta shekara ashirin ba a kunna ta ba. Irin wannan ba a ɗauko ta a soka a bango don a ji ko tana aiki, domin kafasitar da ta daɗe a kwance tana iya fashewa a kunnawar farko ta tafi da abin da ke kusa da ita. A kai ta wurin wanda zai buɗe ta ya share ƙura, ya duba fis da wayar wuta da lambar volt da ke bayanta, ya auna kafasitocin, sannan ya tashe ta a hankali ta bayan ƙwai. A Wudil har yanzu ana samun masu yin haka, galibinsu masu furfura ne, kuma ana gane su da tambayar da za su fara yi kafin su karɓi kayan.